Injin Faskare da Wankan Jego

Shekarun baya, a lokacin sanyin da aka haifa mana 'yarmu ta fari, na tafka wani shirme a garin nan na Doha wanda har yau in na tuna sai na ja tsaki ni kaɗai. Jiya matata ta tayar da zancen a gaban baƙi, shi ne na ce bari in ba ku labarin da bakina, don in kuka ji a nata bakin gishirin zai yi yawa.

Lokacin muna zaune a Mesaimeer, a wani ɗan gida mai tsakar gida kamar tafin hannu. Tunda haihuwar fari ce, kamata ya yi matata ta tafi gida wanka, amma aikinta bai bari ba. Sai muka nema wa mahaifiyarta biza ta taho daga Funtua. Hajiya nake ce mata. Ita kuwa ba ta taɓa kama sunana ba, Injiniya take cewa, shi ma sai in ya zama dole.

Kwana biyu da sallamo mai jego daga asibiti, matata ta same ni a falo ta ce, "Hajiya ta ce a nemo itace."

Na ce, "Itacen me?"

"Na ruwan wanka."

Na ce ai akwai hita a banɗaki, ruwan da take fitarwa ko kaza aka tsoma sai ta figu. Ta ce ta faɗa mata, Hajiya ta sa hannu ta taɓa, ta ce wannan zafin iyakarsa fata, ba ya shiga ƙashi. Likita ta riga ta ce a riƙa sirka ruwan, Hajiya ta yarda da wannan. Ganyen darbejiya ma ta samo a bakin layinmu tun ranar da ta sauka. Amma batun itace babu ja da baya. Wanka safe da yamma, kwana arba'in, a tukunya, a kan murhu.

Mutum ba ya musu da surukarsa. Na ɗauki mota na tafi inda ake sayar wa masu fita sahara itace, don lokacin sanyi mutanen nan suna son kafa tanti su hura wuta. Akwai fasasshen itace ɗauri-ɗauri, na gan shi da idona. Amma mai sayarwa ya nuna min wasu gumagumai masu kaurin cinyar ƙato, ya ce waɗannan su ne masu garwashi, ɗaya sai ya wuni yana ci. Ni kuma ina son Hajiya ta ga 'yarta ba a hannun banza take ba. Na ce a cika min ƙaramar motar ɗaukar kaya.

Da aka sauke, Hajiya ta leƙo, ta daɗe tana kallon tulin. Sai ta juya wajen 'yarta ta ce, "An gode, Allah ya ƙara buɗi. Sai dai a faskara."

Na sayo gatari. A nan ya kamata in gaya muku cewa ni a kwatas ɗin ma'aikata na tashi a Kaduna, da risho aka raine mu. Faskare dai na sha gani, ban taɓa yi ba. Na tsaya, na ɗaga gatarin nan iya ƙarfina na maka. Gatari ya yi tsalle ya dawo kamar na doki taya. Na sake, ya kafe a ciki ya ƙi fita. Ina kokawar zare shi wani abu ya ce ƙas a ƙuguna. Sai da na kwana biyu ina sallah a zaune.

Mai hankali a nan zai koma ya sayo fasasshen nan da ya gani. Ni kuwa sai na ce, yo ni da nake kula da injinan da suka fi gidan nan girma, gungume ne zai gagare ni? Inji zan saya. Na ce wa matata Hajiya ta yi haƙuri ta lallaɓa da ruwan hita na kwana biyu zuwa uku.

Nan wahala ta fara. Ashe injin faskare kala-kala ne. Akwai mai amfani da lantarki, akwai mai shan fetur, akwai na hannu wanda ake ta famfo kamar jak ɗin mota. Kowanne kuma da ƙarfinsa, wannan tan kaza, wancan tan kaza. Wani a kwance yake tsaga itace, wani a tsaye. Duk na dawo daga aiki sai in buɗe kwamfuta ina karanta ra'ayoyin mutanen ƙasashen ƙanƙara, masu tara itacen da zai kai su wata shida. Wani ya ce mai lantarki ba ya iya itace mai tauri. Wani ya ce mai fetur ƙararsa tana tashin unguwa, ni kuma ga jaririya a gida. Na hannun kuwa wani ya ce gara gatari da shi. Duk wanda na kusa tsayawa a kansa sai in ci karo da mai tsine masa. Har jadawali na zana, na jera su ina ba su maki, wallahi kamar mai ɗaukar ma'aikata.

Ranar Asabar na ɗauki wani abokina muka shiga shagunan kayan aiki. Mutumin zangon Kumasi ne, direba ne a wani kamfani, ya san lungunan Doha fiye da ni. Muka fara da unguwar Fereej Abdel Aziz. Shagon farko aka fito min da zarton inji. Na ce ba yankawa zan yi ba, tsagawa. Na biyu aka kawo min injin fasa kankare. A na uku na nuna wa mai shagon hoto a waya, ya kalli hoton, ya kalle ni, ya tambaye ni gona gare ni? Na ce a'a, gida. Ya kira maƙwabcinsa ya zo ya gani, suka yi ta magana da yarensu suna dariya. Na tsaya kamar gunki, raina in ya yi dubu ya ɓaci.

A mota abokina ya ce, "Injiniya, yalla mu je mu saya fasasshe, khalas, shi ke nan. Ko ka bari in zo gobe in fasa maka. Mu a gida wannan aikin safe ne."

Na ce ai magana ba ta yau kaɗai ba ce, ina so in yi maganin abin gaba ɗaya.

Ya ce, "Gaba ɗaya? Mata nawa za su haihu a gidanka?" Sai ya ƙara da irin Hausarsu da ba ta raba mace da namiji, "Hajiya ya zo daga nesa, yana jira. Kai kana lissafi."

Haushi ya cika ni. Na sauke shi a unguwar Al-Sadd ko sallamar kirki ban yi masa ba.

Daga ƙarshe na tsaya a kan wani mai lantarki, na yi odarsa daga waje. Aka ce mako ɗaya. Mako ya cika aka ce yana hanya. Na kira, aka haɗa ni da wani, shi ma ya haɗa ni da wata, ita kuma ta ce in turo saƙo. Kullum in na shiga gaishe da Hajiya sai ta amsa kanta a sunkuye, sannan ta ce, "Ya aiki? Injin dai bai iso ba?" Ba da gatse take faɗa ba, ko kaɗan. Da gatsen ne ma da ya fi min sauƙi.

Aikina a can arewa yake wajen gari. Daga sallar asuba nake fita, sai bayan magariba in shigo. Ina jin ƙaurin hayaƙi a gidan, sai in ce turaren wutar masu jego ne. Wata Juma'a na ga tukunya a kan bulo uku a tsakar gida, wuta tana ci. Na tambayi matata ina aka samu itace, ta ce Hajiya ce take 'yan tsince-tsincenta a cikin tulin. Na karɓi amsar hannu biyu, don ta yi min daɗi.

Ran kwana ashirin da ɗaya da haihuwa aka turo min cewa yau za a kawo inji, a samu mutum a gida. Na nemi izini na taho da hantsi. Ina kashe mota a ƙofar gida na ji ƙau! Shiru. Ƙau! Na tura ƙofa.

Hajiya ce. Ta ci ɗamara da mayafinta, ta dafe gungume da ƙafa ɗaya, gatarina a hannunta. Matar da ta haura sittin, mai shafa magani a gwiwa kullum. A bayan tankin ruwa ga fasasshen itace an jera shi reras an rufa masa buhu.

Tana ganina ta saki gatarin, ta warware mayafi ta rufe kai. Ni kuma na durƙusa a inda nake, na ma rasa gaisuwar wane lokaci zan yi. Da ta kai hannu gyara mayafin na hango tafinta, duk bororo, wani ya fashe an ɗaure da ƙyalle.

Na ce, "Hajiya, don Allah... ai da an faɗa min."

Ta ce, "Ba komai, motsa jiki ne. Zaman wuri ɗaya ma ciwo ne."

Matata ta fito da jaririya a kafaɗa. Na dube ta, ta ce, "Kada ka kalle ni. Ita ta hana ni faɗa. Ta ce kana da ciwon baya, kuma kana ƙoƙari, kada a karya maka gwiwa."

Kana ƙoƙari. Wannan kalma ta fi mari zafi. Mako uku ina ba injina maki, tsohuwa tana faskare a gidana da gatarin da na yar, kuma tana ɓoye itacen don kada in ji kunya.

Na cire agogo, na naɗe hannun riga, na ɗauki gatarin. Na ɗaga ke nan zan maka irin na farko, sai na ji Hajiya ta yi gyaran murya. Ba ni ta kalla ba, 'yarta ta kalla.

"Ki ce masa ba a tsakiya ake sara ba. Ya juya shi, ya nemi inda ya fara tsagewa da kansa."

Matata ta ce, "Ka ji."

Na juya gungumen, sai ga wata siririyar tsaga kamar zare.

"Ki ce masa ya raba ƙafa. Kuma ya bar yi da ƙarfi, nauyin gatarin ya isa. Ba dambe ba ne."

Matata tana danne dariya ta ce, "Wai ba dambe ba ne."

Sara na farko ya kauce. Na biyu ya faɗa cikin tsagar. Na uku gungumen ya buɗe gida biyu, ƙamshin ɗanyen cikinsa ya bugi hancina. Hajiya ta ce, "Yawwa," ta shige ɗaki. A ranar dai ba a kawo inji ba, na yi zaman jiran banza har la'asar.

Tun daga nan, ina dawowa daga aiki sai in sauya riga in faskara na gobe. Tafina ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta. Na kira abokina na ba shi haƙuri, ya yi dariya har da tari, ranar hutunsa ya zo muka yi tare. Shi sara ɗaya yake yi.

Inji ya iso saura kwana shida a yi arba'in. Mutum biyu suka sauke shi, ya cinye rabin tsakar gidan. Lokacin tulin ya ƙare, saura gumagumai huɗu masu ƙulli waɗanda muka ture gefe. Na jona shi, na ɗora na farko, ya tsaga shi. Gaskiya ya yi aiki, ba zan yi masa sharri ba. Na ɗora na biyu, ya yi gurnani, ya yi gurnani, sai wutar gidan ta ɗauke gaba ɗaya. Jaririya ta tsala kuka. Daga cikin ɗaki na jiyo Hajiya tana ce wa 'yarta, "Allah sarki, shi ma ya gaji. A bar shi ya huta."

Bayan wata biyu na ba wa wani abokin aikina mai fita sahara injin kyauta. Ina jin shi ma wani ya tura wa.

Abin da ya fi ci min rai in na tuna ba injin ba ne, ba kuma masu shagon da suka yi min dariya ba. Ni ne. A lokacin gani nake hidima nake yi wa iyalina, alhali ɓuya na yi a bayan kwamfuta don kada a sake ganina gatari ya kayar da ni. Zaɓe-zaɓen nan ya fi min sauƙi a kan in ce ban iya ba, a nuna min. Kuma duk tsawon lokacin da nake ɓuyar, aikin bai tsaya jirana ba. Wani ne ya ɗauka, wanda ya fi kowa cancantar a hutar da shi.

Yarinyar yanzu ta shiga firamare. Hajiya tana nan a Funtua, duk Juma'a muna gaisawa a waya. Ta tambayi aiki, ta tambayi jikarta, ta sa mana albarka. Ko sau ɗaya ba ta taɓa tayar da zancen nan ba, ko da wasa. Na taɓa ƙoƙarin sake ba ta haƙuri, ta katse ni ta ce, "Wane itace kuma? Ni na manta."

Na san ba ta manta ba. Ta dai bar min shi ne in riƙe ni kaɗai.