Ƙarar da Ke Cikin Kututture

Tun da muka binne Iliya, ɗana na fari, babu wanda nake yawan tunawa kamar kakata, Iya Tabawa, mahaifiyar babanmu. A hannunta na girma, a wani ƙauye bayan Kutama. Bamagujiya ce ta haihuwa, sai da ta yi aure ta haihu sannan ta karɓi bishara. Mu jikokinta a majami'a muka buɗe ido. Ita kuwa ta san abin da ta baro, kuma ba ta son maganarsa.

In an gama cin tuwo, ana jiyo kiran sallar isha'i daga masallacin maƙwabta, sai ta tura kara a murhu, mu kewaye ta. Cewa take yi, "Ga wata nan tafe, wa zai tare ta?" Mu ce, "Mu ne!" Sai ta harare ni ta ce, "Kai wannan miji nawa, ba cefane sai baza kunne. Matso nan, kada tsoro ya sa ka jiƙa mini tabarma."

Akwai wata tatsuniya da muke tsoro, amma ita muka fi roƙo.

Wani manomi ne, wai shi Tanko, ya saro kututturen gawo. Rabinsa matarsa ta yi girki da shi. Ɗaya rabin kuma ya sassaƙa masa ido da baki, ya kafa shi a bayan rumbu, ya ce wannan shi ne kan gida, shi zai riƙa tsare su. In an yi sabon gero, ba mai ɗanɗanawa sai an fara zuba masa fura a gindi. Wata rana da magariba Tanko ya kara kunne, sai ya ji motsi a ciki. A nan Iya takan kife ƙwarya, ta riƙa kartar bayanta da farce a hankali. Ƙus, ƙus, ƙus. Duk sai mu naɗe ƙafafu.

"Tanko ya ce, yunwa yake ji," in ji Iya. Ya yanka masa kaza. Ƙarar ta ƙaru. Ya yanka akuya, ta sake ƙaruwa. Ya kai san huɗarsa, ya kai irin shukar da ya ajiye. Matar ta ce, "Maigida, itace ne fa. Da ɗan'uwansa na tuƙa maka tuwo." Ya ce, "Rufe mini baki, yana jin ki."

Sai ɗansu ya kwanta ciwo. Uwar ta ce a nema masa magani, a kuma roƙi Allah da ya halicce shi. Tanko ya ce sai ya fara lallashin kan gida. Ba abin yankawa da ya rage, don haka ya durƙusa, ya rungumi kututturen yana kuka. Yana matse shi sai ya ruguje a ƙirjinsa. Ba komai a ciki sai ƙasa da gara, suna ta hawa hannuwansa. Furar da jinin da yake zubawa su suka jiƙa wurin, suka jawo su.

Mu ce, "Iya, yaron fa? Ya warke?"

Ba ta taɓa amsawa ba. Sai ta ce, "Ta koma inda ta fito. Ku durƙusa mu yi addu'a." Sau ɗaya kawai na ji ta ƙara da cewa, "Wanda ya yi ku ba ya jin yunwa. Ko ya ba ku, ko ya karɓa, kada ku je wurin itace."

Ni a lokacin na cike mata ƙarshen da kaina. Na ɗauka cewa duk wanda ya riƙe Allah, ɗansa zai tashi.

Daminar bara Iliya ya kamu da zazzaɓi mai zafi. Daga gefen Gude, inda nake noma yanzu, muka kai shi asibiti a Gwarzo. Sun yi iya ƙoƙarinsu, jikin ya ƙi. Muna dawowa gida sai ga Baffa Ɗantsoho, ƙanen babanmu, riƙe da baƙar kaza ɗaure da ƙafa.

Ya ce, "Bitrus, ban ce ka bar majami'arka ba. Ranar Lahadi ka je ka yi waƙarka. Amma gurbin kan gidanmu yana nan a kufai, kuma mun daɗe ba mu gaishe shi ba. Kaza ce kawai."

Na ce, "Baffa, ka yi haƙuri, ba zan je ba."

Ya ce, "To. Ɗanka ne." Ya ajiye kazar a zaure, ya tafi.

Iliya bai ga girbi ba.

An zo mana ta'aziyya, 'yan majami'a da maƙwabtanmu Musulmi, kowa ya yi addu'arsa. Baffa ya zauna a gefe. "Sannu" kawai ya ce, ya bi kazar da kallo tana tono a tsakar gida. A zaman makokin nan ne gwaggona ta faɗa mini abin da ban sani ba: bayan an yi wa Iya baftisma, ta binne 'ya'ya da hannunta, 'yan'uwanta suna cewa kan gida ne ya yi fushi, kuma ba ta koma wurinsa ba. Sai na gane dalilin shirunta. Ba ta so ta yi mana alkawarin da Allah bai yi ba. Abin da ta tabbatar kawai shi ne babu kowa a cikin kututturen.

Shekaranjiya Saratu, ƙanwar Iliya, ta tashi da zafin jiki. Jiya Baffa ya aiko yana tambaya ko kazar tana nan. Na ga idon matata a kan akurki.

Ɗazu da yamma ina zaune a gefen Saratu, na ji motsi a cikin itacen rufin ɗakinmu. Ƙus, ƙus, ƙus. Na naɗe ƙafafu kamar ina gaban murhun Iya. Na san gara ce. Na kama hannun matata muka durƙusa, muka roƙi Ubangiji Yesu ya bar mana ita, in kuma ba haka ya nufa ba, ya riƙe mu kada mu zame.

Gobe da safe za mu kai ta Gwarzo. Na aika wa Baffa cewa kazar tana nan, tana kwanci a kan ƙwai, kuma ba inda za ta.