Haramin Usta Bukari da Giyar da Ta Ƙone

Har gobe ban manta da ranar takwas ga Zulhajji ba, a farkon shekarun 1960, ina direba a wata warsha, wato garejin motoci, a unguwar Misfala ta Makka. Babban bakanikenmu shi ne Usta Bukari. Iyayensa ta Sudan suka zo, kuma ba na rage masa komai a sanin mota. Halinsa ne dai ba ya sayuwa.

A shekarar mai warsha ya cire kujerun wata bas, ya sa mata gadaje da murhu da tankin ruwa, ta zama gida mai tafiya. Wani attajirin Kano ya ɗauke ta haya saboda mahaifiyarsa, Hajiya Inna, wadda ƙafa ta ƙi. Aka haɗa masa da ƙaramar mota ƙirar Amurka mai canja giya da kanta, za mu ja ta a baya, domin bas ba ta iya kutsawa lungunan kusa da Harami. Ni aka ba tuƙi, kuma shi ne babban aikina na farko.

Ga wanda bai sani ba, irin wannan mota inji ne ke zagaya mata man giya. In an ja ta tayoyi huɗu a ƙasa, inji a kashe, cikin giyar yana juyawa a bushe. Maganin shi ne a shiga ƙarƙashi a kwance farfela, doguwar sandar da ke haɗa giya da tayoyin baya. Dokar warsha kuwa, direba ba ya taɓa sifana, kuma makullin akwatin kayan aiki yana wurin Usta.

Ranar tafiyar, takwas ga wata, sai ga Usta da hantsi cikin harami fari fat, yana ta talbiyya da ƙarfi don a ji. Ashe bana shi ma zai sauke farali. Ya zagaya motar daga nesa yana tattare gefen mayafi, kamar mai tsallake kwata.

Na ce, "Usta, farfela fa?"

"Ya Sani, ba ka ganin halin da nake ciki? In kwanta a ƙasa gashina ya tsinke, wa zai yi min yanka? Sa giyar a firi, halas, shi ke nan."

"To ba ni makulli in gwada."

"Direba da sifana? Aib. Yalla, tafi. Baƙin Allah ne, Shi zai tsare."

Mutumin da ya koya min da bakinsa cewa firi ba ya ceton irin wannan giya ke nan. Ya sani sarai. Baƙin mai yake gudu, ya laɓe bayan ibada.

Muka ja ta zuwa Mina, washegari Arfa cikin zafin da ke narka kwalta, muka biyo ta Muzdalifa muka dawo. Ranar Sallah da safe aka ɗauko Hajiya Inna aka zaunar da ita a ƙaramar motar za a kai ta ɗawafi. Na tayar da inji, na sa giya. Mota ta yi gurnani, ta ƙi motsi, sai ƙauri. Haka aka sauke tsohuwa tana tambaya ko mun iso. A kan makarar katako ta ɗaukar marasa ƙarfi ƙarti suka kai ta, ɗanta yana biye yana share hawaye. Har yau in na tuna, zuciyata tafasa take.

Bayan Sallah mai warsha ya tara mu. Usta ya zo da sabon aski, kowa na ce masa Hajji. Ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce, "Yaron nan gudu gare shi, wallahi. Ni ina cikin harami, ban ga komai ba."

Gudu, a hanyar Arfa, inda mai jaki ke wuce ka. Kowa a wurin ya san ƙarya ce, amma babu wanda ya iya ƙaryata mutumin da bai daɗe da saukowa daga Arfa ba. Aka karɓe makullin bas a hannuna. Labari ya zaga Misfala, na yi shekaru ina dakon kayan alhazai kafin wani ya sake yarda ya ba ni sitiyari.

Ku yaran yanzu, abin da zan gaya muku kaɗan ne. Kada ku ja mota sai kun durƙusa kun ga farfela a kwance da idonku. Jahilin bakanike ana iya koya masa. Wanda ya sani ya ƙi, ya kuma jingina ƙiwarsa da sunan Allah, shi za ku ji tsoro, domin ranar da abu ya ƙone, shi za a yi wa barka da sauka, kai a nuna maka ƙofa.