Mai Takaba a Dokin Ƙofa

Ruwan sama ya tsare Albarka, mai tallan kifi daga Kalgo, a wata rumfa cikin Gwandu. Yana hangen wata mata durƙushe a dokin ƙofa, kanta ba kitso, zaninta ya jiƙe sharkaf. Ruwa na kwarara cikin zauren. Tana miƙa muciya iya tsawon hannunta don ta buɗe rariyar da ta toshe a waje, muciyar ba ta kaiwa, ita kuma ƙafarta ba ta tsallake ƙofar. Lalle takaba take yi, ya ce a ransa.

"Baiwar Allah, ina mazan gidan?"

Ba ta ɗago ba. "Malam, maigidan ya rasu, shi ya gina bangon nan. Ga shi yana narkewa."

Albarka ya ajiye kwandonsa cikin taɓo, ya nufi rariyar.