Hanjin Na-Sama

Na-Sama ake ce masa a wurin aiki, don shekara goma sha tara ya yi yana tuƙa injin ɗaga kaya, dogon nan da ake kafawa gefen bene idan ana gini. Kujerarsa tana cikin wani ɗan akurkin gilashi can ƙololuwa, inda in ya leƙa ƙasa yake ganin magina kamar tururuwa. Hawan tsanin minti goma sha biyar ne, sauka ma haka. Babu banɗaki a sama, kuma da can wannan bai taɓa damunsa ba. Mutum ne mai ci. Matarsa za ta cika masa kwano da wake da albasa, ya kora da shayi mai kaurin madara, ya haye ya wuni garau.

Yana da shekara arba'in da shida cikin ya juya masa baya. Da farko kumburi ne, har sai ya kwance bel. Sai murɗa ta biyo, kamar ana matse wanki a ƙasan cibiyarsa. Wani satin gudawa, wani satin kwana uku ba abin da ke fita. Abin da ya fi tsinka masa zuciya shi ne da ciwon ciki mahaifinsa ya fara, kuma wata takwas kacal ya yi bayan an ce dajin hanji ne. Na-Sama ya yi jinyarsa, ya san yadda ƙarshen yake.

Bai gaya wa kowa ba. In injiniya ya ji, saukar da shi zai yi daga injin. In matarsa ta ji, asibiti za ta ja shi, a faɗa masa abin da ba ya son ji. Sai ya yanke wa kansa magani: cikin da babu komai ba zai tayar masa da hankali ba. Ya daina karyawa. Kwanon rana kuwa Gajere yake miƙa wa, abokinsa da ke tsayawa a ƙasa da oba-oba, 'yar rediyon magana ta hannu, yana nuna masa inda zai ajiye kaya.

"Kai, azumin me kake yi haka ba lada?" in ji Gajere, yana suɗe cokali. "Ko dai Madam ce ta yi maka laifi, ni nake cin riba?"

Na-Sama ya yi yaƙe ya wuce. Don ya yaudari yunwa, sai ya koma tauna cingam marar sukari, fakiti biyu, wani lokaci uku a wuni. Cikin ya ƙara lalacewa. Ya rame, wuyansa ya fito. Kullum da safe in ya kama tsani, sai ya tsaya yana sauraron cikinsa kamar mai jiran ƙarar ɓarawo a bayan ƙofa.

Wata Talata da hantsi ya ɗauko damin rodi, ya juya da shi zuwa hawa na tara. Damin yana lilo daidai kan magina bakwai lokacin da murɗar ta cafke shi. Gumi mai sanyi ya keto masa. Idanunsa suka yi duhu-duhu, hannunsa na dama yana kan sandar tuƙi.

"Hagu kaɗan," in ji Gajere ta oba-oba. "Hagu na ce! Na-Sama, kana ji na?"

Yana ji. Ƙasa yake kallo, hular kwanon kowa yana gani, har da ta dattijon da ke kwaɓa siminti bai ma ɗago kai ba. In ya suma a kan sandar nan, sai dai a kwashe su. Ya cije leɓe har ya ji gishirin jini, ya ce, "Janye mutane." Gajere ya yi ta ihu, magina suka watse. A hankali, kamar mai ajiye jariri, ya sauke damin, ya kashe injin, ya kama tsani.

Bai kai ƙasa ba. A wurin hutawa na biyu cikin ya fi ƙarfinsa, ya ɓata wandonsa. Nan ya durƙusa riƙe da ƙarfe, ƙato da 'ya'ya huɗu, yana hawaye. Gajere ya hawo da wandon aiki a kafaɗa da jarkar ruwa, ya juya masa baya har ya kimtsa. Bai yi wasa ko ɗaya ba. Da suka sauka ya ce, "Ko ka gaya wa Madam yau, ko ni in gaya mata."

Sati uku aka yi ana gwaji: jini, bahaya, har kyamara aka zura masa. Ranar sakamako da aka kira shi bai tashi daga benci ba, sai da matarsa ta ce, "Baban yara, tashi. Ko mene ne, tare za mu ji."

Likitar mace ce mai furfura. Ta ce, "Malam, ba daji ba ne. Babu ƙari, babu gyambo. Hanjinka ne mai saurin fushi. Ba ya kisa, amma ba ya tafiya gaba ɗaya, sai dai a koyi zama da shi." Da ta tambayi abin da yake ci, ya ce ai shi kusan ba ya cin komai sai cingam. Ta ajiye biro ta dube shi. Ta ce abin da ake zaƙaƙa irin wannan cingam da shi yana tsinka cikin masu lafiya ma, balle nasa. Yunwar kuma ita ta kusa kayar da shi.

Matarsa ta karɓi ragamar. Ta sayi ɗan littafi ta rataye a kicin, duk abin da ya shiga bakinsa sai ta rubuta, da yadda cikin ya amsa. Wata guda aka janye wake, albasa, tafarnuwa, madara, kabeji da lemon kwalba. Sai shinkafa, ƙwai, kifi da dankali, kaɗan-kaɗan sau huɗu a rana. Yara suka yi ta ƙorafin miya ta zama lami. Daga nan aka riƙa maido su ɗai-ɗai, ranar hutu kawai, yana zaune kusa da ƙofar banɗaki. Kabeji ya wuce lafiya. Madara rabin kofi ba laifi. Albasa kuwa, ko soyayyiya ce, kafin awa uku ya gane kurensa. Wake da ya fi so a duniya, cokali uku ne iyakarsa.

Da kansa ya je ya faɗa wa injiniya komai. Injiniya ya ce zai ci gaba da hawa, amma da sharaɗi: duk bayan awa uku ya sauko, kuma ranar da ya ji ba daidai ba, wani ya hau.

Yanzu shekara biyu ke nan. Akan yi wata biyu lafiya, sai rana ɗaya cikin ya tashi ba tare da ya ci komai daga jerin abubuwan da ke tayar masa ba. Likita ta ce fargaba ma tana tayar da shi, shi kuwa bai san yadda ake janye fargaba daga abinci ba. Ba ya cin abincin biki, ba ya karɓar tayi. Cikin watan jiya sau biyu ya ce wani ya hau.