Takin Yaya da kekena

Shan-inna ya kama ni tun ina goye, don haka keken guragu ne ƙafafuna. Da shi nake fita bakin titin Dayi ina sayar da batir da katin waya. Na san tsatsa kuwa: ja ce, busasshiya, in ka goga mata baƙin mai sai ta tafi.

Bayan rasuwar mahaifinmu gida ya koma hannun yayana. Wata damina ya sayo takin zamani a Funtua, da wani shuɗin gari na feshin tumatir, ya sa aka jibge su a ɗakina.

Na ce, "Yaya, kwanon nan yana yoyo."

Ya ce, "Kai ma ajiya ce a gidan nan. Ku zauna tare."

A lokacin ne taifot ya kwantar da ni. Ruwa na ɗiga kan buhuna, takin ya narke, garin ma ya jiƙe, suka haɗu suka malale ƙarƙashin keken. Daga kan tabarma nake kallo. Inda ruwan takin ya taɓa, tsatsar ta yi kauri, ta kumbura ɓawo-ɓawo, kullum a jiƙe. Inda shuɗin ya taɓa kuwa, ƙarfen ya fara yin ja mai sheƙi kamar sabon kwabo, har ya ba ni sha'awa. Daga baya wurin ya yi baƙi-baƙi da kore, ƙananan ramuka suka fito.

Na roƙi Yaya a fitar da keken zaure. Ya leƙo, ya daddanna buhunan da suka jiƙe, ya ce ina kwance kamar gawa na bar kayansa sun lalace. Ya sa aka ɗora takin kan katako. Keken ko kallonsa bai yi ba.

Da na warke na goge shi na hau. Na kusa titi sai ƙarfen ƙarƙashin kujera ya karye, na kife cikin kwata, batura suka watse. Yaya ya zo wucewa a babur tare da wani abokinsa. Ya rage gudu, ya dube ni, ya ce, "Ƙarfe ma ya gaji da ɗaukar ka." Abokin ya yi dariya, suka wuce. Da rarrafe na koma gida, tafin hannuna duk tsakuwa.

Wani maƙwabci ya taimaka ya kai keken wurin mai walda a Malumfashi, ni ma ya ɗauke ni. Mai waldar ya soka ƙusa a ƙarfen, ta shige kamar cikin gurasa.

"Malam, wannan ba aikin ruwan sama ba ne," in ji shi. "Ruwa kaɗai a sama yake tsayawa. Abin da ya narke a cikinsa ne ya sauya tsatsar, ta ci har ciki. Babu inda wuta za ta kama."

Muka dawo da shi. Yaya ya sayar wa masu gwangwan, ya ce diyyar takinsa ce. Masarar da ya zuba wa takin ta yi kyau a shekarar, har ɗakuna suka kasa. Sai ya ce nawa ya fi kusa da ƙofa, ya fi sauƙin sauke kaya. Aka gyara kwanon, aka zuba masara, aka mayar da tabarmata zaure.