Inna Hure da Tatsuniyar Rana

Ni ne akawun makarantar firamare ta Gidan Dabo, arewa da Minjibir, kuma makullin ɗakin karatu a hannuna yake. Ta wannan hanya na san Inna Hure sanin da ya wuce na gaisuwa.

A bakin ƙofar makaranta take sayar da ɗanwake, tun kafin a turo ni aiki nan. A garin aka haife ta, a nan ta yi aure, a nan mijinta ya rasu ya bar mata 'yar gona ta gero da gyaɗa. Ba ta yi boko ba, allo ta yi har ta samu na sallah. Abin da aka fi saninta da shi tatsuniya ce. Magidanta da yawa a garin nan a tsakar gidanta suka yi hirar ƙuruciya. Yanzu wadda ta rage a hannunta ita ce jikarta Khaulat, marainiya, 'yar aji biyar.

Shekarar da aka kawo mana kwalayen littattafai, Malama Maimunat ta raba su kanta biyu. Dama ta jera na ilimi, irin na dabbobi da taurari da noman rani. Hagu ta jera ƙagaggun labarai. Ta kuma ware ranar Alhamis bayan tashin tara, wani mako a karanta na dama, wani mako na hagu. Hedimasta, Malam Abdulkabir, ya kafa doka ɗaya: yaro ba ya fita da littafi daga ɗakin. Yana da hujja, domin makarantar da ya baro, littattafanta a hannun masu ƙosai suka ƙare.

Khaulat ta fi kowa karatu a ajinsu. Sai ga shi ranar da aka ɗauko littafin hagu, ta tashi ta fita, ta je ta zauna kusa da tukunyar kakarta tana share hawaye da gefen hijabi. Da abin ya maimaitu, hedimasta ya sa na kira Inna Hure ofis.

Ta shigo ta ajiye takalmanta a bakin ƙofa, ta ƙi kujera, ta zauna a ƙasa.

"Inna, ke kika hana yarinyar nan zama?" in ji hedimasta.

"Ni ce, Malam. An ce mini tatsuniya ake musu da rana tsaka. Mu tun muna yara aka gaya mana, mai yin tatsuniya da rana ɓata yake yi."

Malama Maimunat ta yi murmushi. "Haba Inna, ai don yara su yi aiki da rana ne manya suka faɗi haka. Kin taɓa ganin wanda ya ɓata?"

"Ban taɓa ba, 'yar nan. Amma ba zan gwada a kan Khaulat ba. Ita kaɗai aka bar mini."

Can Inna Hure ta ce abin mai sauƙi ne, a ba yarinyar littafin ta zo da shi gida, in an yi magariba ta karanta. Hedimasta ya ce doka ta hana a ba yaro littafi ya fita da shi.

"To ni yaro ce?" ta ce. "Ba ni. In ya yage, ka san inda tukunyata take."

Hedimasta ya dube ni, na dube shi. Dokar dai a kan yara aka yi ta. Na rubuta sunanta, ta dangwala yatsa, ta naɗe littafin a wani tsabtataccen ɗankwali ta sa a cikin kwano ta rufe. Haka aka yi mutum na farko da ya ari littafi a makarantarmu ya zama tsohuwar da ba ta iya karanta ko baƙi ɗaya na boko ba.

Bayan kwanaki ta dawo da shi, ko kusurwa ba ta lanƙwashe ba. Labarin wata yarinya ce da ta raka mahaifinta kai gyaɗa birni, motarsu ta lalace a hanya. Inna Hure ta tsaya a taga tana juya littafin.

"Malam Akawu, yarinyar nan 'yar wane gari ce?"

Na ce babu ita, wanda ya rubuta ne ya ƙirƙiro ta.

"Babu ita? Har da baban nata mai tari?"

"Har da shi, Inna."

"Ikon Allah. Ni in zan yi tawa, tun farko nake sanar da yara cewa tatsuniya ce, in na gama kuma na gaya musu ƙarya na shara. Shi wannan ko kunya babu, ya sa tsohuwa kuka a kan mutumin da ba a haifa ba."

Na tambaye ta ko a daina ba ta irinsu ke nan.

"Wa ya ce maka? Ba ni wani. Amma ka duba mini mai kauri."

Na daɗe ina tunanin maganarta. Mu da muka raba kanta biyu muna ganin mun gama aiki, ba mu taɓa tambayar kanmu me yaro yake ji ba idan ya gano wanda ya tausaya wa babu shi. Ita kuwa duk rayuwarta a kan wannan iyaka take aiki, shi ya sa take son a san lokacin shiga labari da lokacin fita.

Ba ta janye maganarta ba, hedimasta ma bai janye tasa ba. Har yau in makon hagu ya zo, Khaulat fita take yi. Sai dai ba ta kuka yanzu, domin littafin da ake karanta wa 'yan ajinsu ta riga su gamawa a gida, kuma su ne suke bin ta suna roƙon ta gaya musu ƙarshensa.

Makon jiya na wuce su a bakin ƙofa suna musu. Khaulat tana cewa a mayar da littafin da ke hannunsu, ta gaji da maimaitawa.

"Ke da kike karatu kamar ana korar ki?" in ji Inna Hure. "Rabin maganar a hanci kike haɗiye ta."

"To Inna ki karanta da kanki mana."

"Ji 'yar nema! Malam Akawu, ƙara mana mako guda. Ban gama da mutanen nan ba."

Na koma ofis na ƙara musu.