Abin da Aka Yi wa Ladi a Fim

Murjanatu tela ce a Kwararafa, shagonta na kallon titin da keke-napep ke sauke fasinja. A Naraguta aka haife ta, mahaifinta makiyayi ne da ya zauna wuri ɗaya, mahaifiyarta kuwa nono take kai wa masu wankin kuza a bakin kududdufi. Daga aji shida ta bar makaranta, amma ba ta bar karatu ba. Duk wanda ya shiga shagonta zai ga littattafan Hausa jere a saman kwalin zare, an yi musu bango da ragowar atamfa.

Cikinsu akwai guda huɗu da ba ta ba kowa aro. Sunansu Ruwan Kuza, wani Malam Labaran ne ya rubuta. Labarin mata biyu ne masu wankin kuza, Hansatu Musulma da Ladi Kirista 'yar ƙabilun kan dutse, tun suna 'yan mata har suka yi furfura. A littafi na uku rami ya rufta da Hansatu, Ladi ta tone ta da hannu, ta goya ta har bakin titi. Murjanatu ta karanta wurin nan ya fi sau ashirin, kuma har yau sai ta ajiye littafin ta share ido.

Maƙwabciyarta Firisila, mai sayar da dankali da kabeji, ba ta iya karatun Hausa sosai ba. Don haka duk la'asar, in kasuwa ta lafa, sai ta jawo benci ta zauna, Murjanatu na karanta mata. Shekara biyu suka yi a haka. Firisila takan ce uwarta ce Ladi sak, har yadda take ɗaure kai.

Da aka ce za a mayar da littafin fim mai dogon zango, Murjanatu ta fi kowa murna. Ta gaya wa duk wadda ta kawo ɗinki. Ranar da kashi na farko ya fito, wata Lahadi ce bayan an tashi daga coci, ta dafa shayi, ta jingina waya da keken ɗinki, ta aika aka kira Firisila.

Babu kududdufi a fim ɗin, babu dutse, babu kuza. Hansatu ta zama 'yar mai kuɗi a wani gidan bene. Murjanatu ta daure, ta ce bari dai Ladi ta fito. Da ta fito, sai ga ta 'yar aiki ce, an shafa mata baƙi a fuska, tana gwaranci da gangan ana mata dariya. Kafin kashin ya ƙare ta saci 'yan kunnen uwar gida.

Firisila ta ajiye kofinta a hankali.

"Maman Abba, wannan mata ba Ladi ba ne," ta ce. Sannan ta ƙara da cewa, "Ashe haka maganarmu yake a kunnenku."

"Wallahi, Maman Tina, ba haka yake a littafi ba. Ke ma kin ji da kunnenki."

"Na ji," in ji Firisila, ta tashi ta tafi.

Washegari Murjanatu ta kira lambar da ke bayan littafin. So take ta jajanta wa Malam Labaran, don ta tabbata 'yan fim ne suka ci amanarsa. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya yi 'yar dariya.

"Hajiya, ai ni na tsara musu fim ɗin da hannuna. Masu kallo dariya suke so. Wa zai zauna yana kallon mata cikin taɓo?"

"Malam, Ladi fa ta goya Hansatu."

"Wannan a takarda ne," ya ce. "Ki ci gaba da kallo, kashi na biyu ya fi daɗi."

Ta kashe wayar ba ta yi masa sallama ba, abin da ba ta taɓa yi wa babba ba.

Mako uku Firisila na wucewa da gaisuwa daga bakin ƙofa. A na huɗu ta shigo da yadin zumuntar mata na cocinsu, ta ce a ɗinka mata. Murjanatu na gwada ta sai ta gaya mata abin da marubucin ya ce, ba ta rage ko kalma ɗaya ba. Firisila ta girgiza kai ta ce ashe shi ma bai san Ladi ba.

Bara littafi na biyar ya fito, da hoton 'yan fim ɗin a bangonsa. Mai shagon littattafai na Tudun Wada ya ajiye mata kwafi ɗaya kamar yadda ya saba. Ta aika masa cewa ya sayar wa wani.